Daga Vesuvius za a fara, ko daga Kufena?

Idan darasin labarin ƙasa ya kai ga duwatsu masu aman wuta, malamin sakandare a Samaru ko Sabon Garin Zariya yana da hanya biyu. Ko dai ya bi littafi ya jero fitattun duwatsun duniya da shekarun da suka yi ɓarna, ko ya fara da ƙasar da ɗalibansa ke takawa, sannan ya tsallaka da su waje.

Ta farko ita aka saba, kuma ba ta raini ba ce. Vesuvius na Italiya ya binne garin Pompeii da toka a shekara ta 79 miladiyya. Krakatoa na Indonesiya ya fashe a 1883, sama da mutum 36,000 suka halaka, yawancinsu igiyar teku ce ta ci su. Tambora kuwa, da ya yi nasa aman a 1815, hayaƙinsa ya dusashe rana har amfanin gona ya lalace a Turai da Amurka a 1816. Ajin da ake ba da irin wannan labari ba a gyangyaɗi a cikinsa. Matsalar ita ce yaro kan tashi da suna da shekara a ka, ya juye su a takardar jarrabawa, shi ke nan. Tambaye shi me ya sa dutse ke amai, sai ya yi zuru. A ransa abin na mutanen nesa ne.

Hanya ta biyu tana farawa da tambaya: dutsen Kufena, wanda ake hangowa ta wajen Wusasa, ya taɓa aman wuta? Da yawa za su ce e, tunda ga girma ga kwarjini. Bai taɓa ba. Narkakken dutse ne da ya kasa fitowa, ya daskare a hankali can cikin ƙasa sama da shekara miliyan 500 da suka wuce, zaizayar ƙasa ta tone shi daga baya. Shaidar tana nan a tsibin tsakuwar magina a bakin titi. Ɗauki guda ka juya ta a rana, za ka ga ƙwayoyi farare da jajaye da baƙaƙe, kowace ta samu lokacin girma. Dutsen da ya malalo waje iska ta sanyaya shi nan da nan, baƙi ne, ƙwayoyinsa ba su ganuwa, wani ma duk ƙananan ramuka inda iskar gas ta kuɓuce. Yaron da ya riƙe biyun a tafin hannu ya gama rabin darasin.

Daga nan sai Filato. A Kerang da Panyam, cikin ƙaramar hukumar Mangu, akwai matattun duwatsun aman wuta, da tafkin Pidong a bakin ɗayansu. Ruwan gora na Swan daga Kerang yake. Dankalin Turawan da ake saukewa buhu-buhu a Kasuwar Sabon Gari, mafi yawansa daga Filato ne, inda sanyi ya haɗu da ƙasa mai albarka, wani sashenta ruɓaɓɓen dutsen aman wuta. Biu ta jihar Borno ma haka, da tafkin Tila.

Inda wannan hanya ta fi burge ni shi ne tafkin Nyos na Kamaru, dab da iyakarmu. A daren 21 ga Agusta 1986 iskar gas da ta taru a ƙarƙashin ruwan ta ɓalle lokaci guda, kamar an girgiza kwalbar lemo an cire marfi. Ba wuta, ba toka. Ta gangara kwaruruka ta shaƙe mutum sama da 1,700 da dubban shanu, wasu suna barci. An kuma yi fargabar cewa bakin tafkin ba shi da ƙwari, in ya ɓalle ruwan zai biyo kogin Katsina-Ala zuwa Nijeriya. Wannan fargaba na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Taraba.

Sai dai a faɗi gaskiya, duwatsunmu shiru suke. Ba wanda zai nuna wa yaro narkakken dutse yana gudu a titi kamar yadda aman dutsen Nyiragongo ya ratsa birnin Goma na Kwango a 2002, abin da bidiyon minti biyu a wayar malami zai yi. Kuma wannan hanya tana son malamin da ya san dutse da ido, ba da haddar littafi ba. Irinsu ba su da yawa, duk da cewa sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan cikin Samaru.

Ni dai na fi karkata ga a fara da Kufena, a bi ta Kerang da Nyos, sannan a isa Pompeii, lokacin da yaro ya riga ya san abin da ya binne garin. Kuɗin kai aji guda Mangu zai yi wa yawancin makarantu wuya, balle halin da hanyoyi ke ciki. Amma baƙin dutse guda, in malami ya roƙi direban motar dankali, sawu na gaba zai taho masa da shi.