Insha'in Muhawara a Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu: Abin da Malamin Hausa Zai Aro Daga Zauren Alƙali

1. Matsayin insha'i a cikin jarrabawa

Yaron da ya gama sakandare a ƙasar Pauwa, watau Ƙanƙara da kewayenta, ƙofa biyu ke gabansa kafin ya shiga jami'a ko kwalejin horon malamai. Ta fari ita ce jarrabawar fita sakandare, wadda hukumar WAEC, da aka kafa cikin 1952, ko NECO, da aka kafa cikin 1999, ke shiryawa. Ta biyu ita ce ta hukumar JAMB, wadda aka kafa cikin 1978. Tun daga 2015 a kwamfuta ake yin ta JAMB ɗungum, yaro ya zaɓi amsa cikin waɗanda aka jera masa, ba ya rubuta ko jimla guda. Ashe ke nan ƙofa ta fari ce kaɗai inda ake duban rubutunsa, a takardar Turanci da ta Hausa. Cikin irin insha'in da akan ba su, akwai labari, da siffantawa, da wasiƙa, da muhawara. Na muhawara shi ne ya fi wuyar koyarwa, gama ba a neman yaro ya faɗi abin da ya faru, ana nemansa ya ɗauki gefe guda ya rinjayi mai karatu.

2. Mafarin wuyar

Ba a iya cewa yaran nan ba su san jayayya ba. Wanda ya taɓa bin ubansa kasuwar Sheme ya ji yadda dillali ke kare kuɗin sa, ko ya zauna a ƙofar fadar Sarkin Pauwa ana sasanta rikicin iyakar gona, ya ji hujja tana karo da hujja tun yana ƙarami. Wuyar tana wajen zuba ta a takarda, kuma tarihin rubutun boko yana da hannu a ciki. Littattafan da suka fito daga gasar da R. M. East ya shirya cikin 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, duk labarai ne. Haka kuma Magana Jari Ce ta Abubakar Imam. Zuben jan hankali ya girma ne a shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta soma fita cikin 1939, a sharhin edita da wasiƙun masu karatu, amma jarida ba ta zama littafin aji ba. Sai ya zamana yaro ya tashi da kunnen labari, in an ce ya yi muhawara ya kama ɗayan hanya biyu: ko ya ba da labari, ko ya yi wa'azi.

Alamar wa'azin ita ce tarin karin magana. Karin magana ado ne mai kyau, amma ba ya tsayawa a matsayin shaida, domin kowane gefe yana da nasa. Mai son a dakata ya ce sannu ba ta hana zuwa, mai son a gaggauta ya ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kowa ya tashi da gaskiyarsa, ba a tabbatar da komai ba.

3. Tsarin zauren alƙali

Maganin abin ba ya nesa. Shari'ar da alƙalan ƙasar Hausa ke bi, bisa mazhabar Malikiyya da littattafai irin su Tuhfa ta Ibn Asim, malamin Andalus da ya rasu cikin 1426, tana da matakai huɗu sanannu. Mai ƙara ya faɗi da'awarsa a fili, har a san abin da yake nema. In wanda ake ƙara ya musa, a nemi mai ƙara ya kawo shaidu, gama shi ke ɗauke da nauyin tabbatarwa. Sa'an nan alƙali ya yi i'izari, watau ya tambayi wanda hukunci ke shirin faɗa wa ko yana da sauran magana ko suka a kan shaidun. Bayan wannan ne ake yanke hukunci. Waɗannan huɗu, da'awa da shaida da i'izari da hukunci, su ne ƙashin bayan insha'in muhawara, kuma yaro ya riga ya san sunayen yawancinsu tun daga gida.

A ɗauki misali da batun da akan bayar: makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo amfani. Ga yaron Ƙanƙara wannan ba batun wasa ba ne. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke garin, suka tafi da yara fiye da 300, aka sako su bayan kwana shida, gwamnatin Jihar Katsina kuwa ta ba da umarnin rufe makarantun kwana a lokacin. Duk wanda ya goyi bayan makarantar kwana bai ambaci tsaro ba, ya bar babbar ƙofa a buɗe.

Da'awa mai rauni ita ce yaro ya soma da cewa ilimi gishirin zaman duniya ne, ya cika rabin shafi mai dubawa bai san gefen da ya ɗauka ba. Mai ƙarfi ita ce ya ce tun a sakin layi na fari: ɗan ƙauyen da ba shi da sakandare kusa, makarantar kwana ta fi masa, muddin an tsare ta. Shaida kuwa abin da ake iya gani ko ƙirgawa ce: nisan tafiya safe da yamma, aikin gona da ke cinye lokacin bita da damina, rashin fitilar karatu da dare. A wajen i'izari sai ya kawo maganar abokin hamayya da ƙarfinta, ba tare da ya rage mata komai ba, ya ce iyayen da suka ga abin da ya faru cikin 2020 suna da dalilin tsoro, sa'an nan ya amsa da cewa yaron da ke bin hanyar daji kullum shi ma ba a tsare yake ba. Hukunci shi ne ya mayar da da'awarsa gwargwadon abin da shaida ta ɗauka, kada ya ƙara. Wanda ya ɗauki ɗaya gefen, matakan nan dai zai bi.

4. Kalmomin haɗi

Ta fuskar nahawu, bambancin labari da muhawara yana bayyana a kalmomin da ke haɗa jimloli. Labari yana tafiya da "sai" da "sa'an nan" da "kuma", waɗanda ke jera abubuwa bisa lokaci. Muhawara tana bukatar waɗanda ke nuna dangantaka: "domin" da "gama" na dalili, "saboda haka" na sakamako, "in" da "muddin" na sharaɗi, "ko da yake" da "duk da haka" na sallamawa da komowa. Takardar da "kuma" ta cika ta, jerin zance ce, ko da kowace jimla gaskiya ce.

Abu biyu kuma sun cancanci lura. Na ɗaya, lamirin "an" da "aka", wanda ke ɓoye mai aiki. "An ce" shaida ne marar suna, alƙali kuwa ba ya karɓar irinsa. A koya wa yaro ya faɗi wanda ya ce, ko ya bar maganar. Na biyu, kalmomin gamewa irin su "duk" da "kowa" da "ko kaɗan". Misali guda tak ya isa ya rushe jimlar da ta soma da "duk", amma "galibi" da "waɗansu" sun fi wuyar kayarwa.

Batun karin harshe ƙarami ne a kan waɗannan. Yaro yakan rubuta "shina" maimakon "yana", ko "mashi" maimakon "masa", yadda ya ji a gida. Lalle ne a nuna masa daidaitacciyar Hausa, gama da ita ake duba jarrabawa. Amma malamin da ya ƙarar da jan birunsa a kan wannan, ya wuce hujjar da ba ta tsaya ba, ya gyara rufi ne ya bar katanga a tsage.

5. Yadda za a koyar

Ya kamata a soma da baki kafin alƙalami. Malami ya zaɓi yara uku, mai ƙara da wanda ake ƙara da alƙali, ya ba su batu daga abin da suka sani, kamar sayar da hatsi da kaka ko ajiye shi zuwa bazara. Sauran 'yan aji su rubuta kowace hujja da suka ji, su ware ta daga karin magana da zagi da rantsuwa. Kashegari kowa ya rubuta nasa. Sau ɗaya a mako kuma a sa yaro ya rubuta sakin layi guda yana kare gefen da bai yarda da shi ba, domin i'izari shi ne matakin da yara suka fi tsallakewa. Wajen dubawa, malami ya ja layi ƙarƙashin kowace "domin", ya tambaya ko abin da ya biyo ta dalili ne, ko kuwa maimaita da'awa ce da waɗansu kalmomi.

Nauyin wannan yana kan inda ake horon malamai, irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina da Kwalejin Isa Kaita da ke Dutsin-ma. Malamin da bai taɓa rubuta muhawara aka duba masa hujjarsa ɗaya bayan ɗaya ba, da wuya ya iya duba ta yaro. Kuma tsarin nan ba na takardar Hausa kaɗai ba ne: yaron da ya ƙware a kansa da harshen uwarsa, in ya zo takardar Turanci kalmomi kawai zai nema, gama ya riga ya san inda kowace magana za ta zauna.