Rumfunan Kayan Yaji a Birnin Kebbi

Duk wanda ya fito daga unguwar Nasarawa da hantsi ya nufi babbar kasuwar Birnin Kebbi, tun kafin idonsa ya kai ga rumfunan masu kayan yaji hancinsa zai ba shi labarinsu, domin ƙurar barkono, wanda mutanen wannan nahiya suke kira tonka, takan tarye mutum tun daga nesa, balle a lokacin hunturu da iska take kwasarta daga bakin buhuna.

Wanda ya tsaya ya yi nazari a kan faifan mai kayan yaji guda ɗaya, lalle zai ga ƙasashe da dama sun taru a gabansa. Barkonon dai galibi na gida ne, daga fadamun Gulbin Rima inda ake noman rani, ko da yake asalin irinsa daga nahiyar Amurka yake, jiragen ruwan Turawa suka yaɗa shi a duniya bayan shekarar 1492. Citta mai yatsu daga Kaciya take zuwa, can kudancin Kaduna. Kimba da masoro daga kurmi. Kanumfari kuwa, wanda ake saye da cokali saboda tsadarsa, sai ya ƙetare teku daga wurare irin su Zanzibar. Daddawa da ƙuliƙuli aikin matan ƙauye ne.

Amma abin da ya fi jan hankalina a wannan sana'a shi ne bambancin da ke tsakanin mai sayar da kayan a tsaye da mai sayar da dakakken yaji. Na farko hajarsa a fili take: uwargida za ta ɗebi barkono ta murza a tafin hannu, ta ji ko ya bushe ƙayau, ta karya citta ta sansana, ta ce, "Malam, wannan ai na bara ne," shi kuwa ya amsa, "Haba Hajiya, wallahi na bana ne, duba launinsa." A yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a auna da gwangwani a yi gyara. Na biyu kuwa, da zarar an soya kayan sama-sama, an zuba a turmi an kirɓa, an tankaɗe da rariya, to, ido ba shi da sauran hujja, domin jan gari ba ya faɗin abin da ke cikinsa, kuma marar tsoron Allah yana iya ƙara dusa ko launi ba tare da an gane ba sai a harshe. Wannan shi ne algus da malaman fiƙihu suka daɗe suna haramtawa tare da tauye mudu, kuma shi ya sa cinikin dakakken yaji bai tsaya a kan kome ba face amana.

Saboda haka ne mafi kyawun yaji ba a rumfa ake samunsa ba. A cikin gidajen Nasarawa akwai matan aure da tsofaffi waɗanda kowa ya san hannunsu, suna daka na tafarnuwa, da na daddawa da ake zuba wa shinkafa da wake, da na ƙuli da mahauta suke barbaɗa wa tsire, su ƙulla a leda yara su kai wa masu oda. Yajin jego kuwa sha'aninsa daban, domin dangin mai haihuwa ba sa yarda da na kasuwa. Da kansu suke zaɓo citta da kimba da kanumfari, su tara mata a tsakar gida a yi daka kafin ranar suna.

Ban da Birnin Kebbi, Argungu ma tana da nata rabo a harkar yaji, gama garin da ya shahara da bikin kamun kifi tun 1934 ba ya rabuwa da masu suya da banda, kuma kowace mai tiren soyayyen kifi a bakin tasha tana da kwalbar yajinta. A kasuwa kuwa, idan damina ta faɗi, shanya ta yi wuya, barkono yakan yi tsada, sa'an nan ne ɗan kasuwar da ya ajiye buhunansa tun rani a busasshen ɗaki yake fito da su ɗaya bayan ɗaya.