Zafin Fitsari: Kafin Ciwon Ya Hau Ƙoda

Yawanci da abin rainawa yake farawa. Mace ta shiga bayi, ta ji raɗaɗi wajen fitsari kamar an barbaɗa barkono. Ta fito, ko hannunta bai bushe ba fitsarin ya sake matsarta. Ta koma, ɗan ɗigo ne kawai. Mara ta yi nauyi, alwala ta ƙi zama, dare kuma ya zama na kai da komo tsakanin shimfiɗa da bayi. Wani lokaci fitsarin ya fito a gurɓace, da wari mai ƙarfi, ko da sirkin jini. Wannan shi ne ciwon mafitsara, kuma kusan rabin matan duniya sai sun gamu da shi aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu.

Mai laifin, a cikin kusan mutum takwas daga goma, ƙwayar cuta ce da ake kira E. coli. Ba baƙuwa ba ce. A hanjin kowa take zaune, mai lafiya da maras lafiya, kuma a can ba ta cika yin ɓarna ba. Matsalar tana tasowa ne idan ta bar mazauninta, ta bi fata ta shiga bututun fitsari ta haura mafitsara. Bututun mace bai wuce santimita 4 ba, kuma bakinsa yana kusa da dubura. Na namiji yakan kai santimita 20. Abin da ya sa mata suka fi shan wahalar ciwon ke nan, ba don sun fi maza ƙazanta ba. Saduwar aure tana taimaka wa ƙwayar hawa, shi ya sa amare da dama suke fama da shi a makonnin farko, su yi shiru don kunya. Riƙe fitsari na tsawon lokaci, ƙarancin shan ruwa a watannin zafi, juna biyu, ciwon suga da ɗaukewar al'ada, duk suna share mata hanya.

A wurinmu an saba zuba komai a kwando guda a ce "sanyi": zafin fitsari, ƙaiƙayin gaba, farin ruwa, cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, har da ciwon baya. Daga nan ɓarnar take tasowa, domin waɗannan cututtuka ne daban-daban, maganinsu ma daban. Mai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri galibi ba abin da ya taɓa mafitsararta, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta yana iya ƙara mata ƙaiƙayin. Ita kuwa mai ciwon mafitsara na gaske, jarkar da aka saya wurin mai talla da lasifika a bakin tasha ba za ta kashe E. coli ba. Haka nan zancen cewa a kan masai ake ɗaukar ciwon ba shi da ƙarfi a wurin likitoci. Daga jikin mai ciwon ƙwayar take fitowa. Illar wannan zance ma ita ce ya sa mata da yawa suna riƙe fitsari tun safe har yamma a kasuwa ko makaranta don gudun bayin haya, alhali riƙewar ce take jawo abin da suke gudu.

Sai kuma hanyar da aka fi bi: a aiki yaro kemis. Ya dawo da kafso biyu na Ampiclox, ƙwayar Flagyl uku, ƙila da ja-da-yalo, an ƙulle su a leda gwargwadon kuɗin da aka bayar. A sha yau, gobe a ji sauƙi-sauƙi, a daina. Flagyl ba ya ma aiki a kan E. coli. Sauran kuwa, idan sun taɓa ƙwayar, raunana suke kashewa su bar masu taurin kai.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya daban. A Amurka akwai ƙananan asibitoci da aka kafa musamman don irin wannan ciwo, wanda bai kai a ruga ɗakin taimakon gaggawa ba amma kuma ba zai jira sai mako mai zuwa ba. Ba a neman alƙawarin ganin likita; mutum yana shiga, a rubuta sunansa, a ba shi 'yar robar fitsari, a gwada nan take, ya fita da takardar magani. Da yawansu suna buɗe har dare da ranakun hutu, kuma zafin fitsari yana cikin abubuwan da suka fi kai mata can. A Ingila sun ƙara gajarta hanyar: tun ranar 31 ga Janairu 2024, ƙwararren mai haɗa magani yana da ikon duba mace mai shekara 16 zuwa 64 ya ba ta maganin ciwon mafitsara ba tare da ta ga likita ba, bisa ƙa'idojin da aka gindaya masa, ciki har da tura ta asibiti idan tana da ciki ko zazzaɓi. Abin lura a tsarin biyu shi ne a duba mutum ran da ciwon ya fara, kuma wanda ya san aikin ne zai zaɓi magani. Wannan bai fi ƙarfin asibitin sha-ka-tafi na unguwa ba, in dai yana da tsinken gwajin fitsari da ma'aikacin da zai saurara.

Gwajin kansa ba wani abin tsoro ba ne, amma yadda ake tarar fitsarin yana da muhimmanci. A yi tsarki da ruwa, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya a cikin robar da aka bayar, a rufe. Kwalbar magani da aka ɗauraye a gida ba ta yi ba. Kada kuma a ajiye shi a jaka ana yawo da shi cikin rana. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a cikinsa, sakamakon ya fito ba daidai ba. Fitsarin ya isa ɗakin gwaji kafin awa 2. Ma'aikaci zai tsoma wani siririn tsinke mai ƙananan murabba'ai masu launi, ya ɗaga, ya jira minti ɗaya zuwa biyu, ya kara shi da jadawalin da ke jikin gwangwaninsa. Murabba'i ɗaya yakan rine ya koma ruwan hoda idan akwai sinadarin da ƙwayoyin cutar suke samarwa. Wani kuma ya koma shunayya idan fararen ƙwayoyin jini sun taru suna yaƙi. Tsinken yana iya kuskure, musamman idan fitsarin bai daɗe a mafitsara ba, don haka ƙwararre yakan haɗa shi da bayanin da maras lafiya ta yi masa. A nan kunya take yin ɓarna. Wadda ta ce "jikina ne ba daɗi" ta yi shiru, da wuya a gane inda ciwon yake.

Akwai gwaji na biyu, wanda ma'aikatan lab suke ce wa kalca: a shafa fitsarin a faranti, a raini ƙwayar har ta tsiro, a jarraba magunguna a kanta a ga wanda yake kashe ta. Yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3. Ba kowa ke bukatarsa ba, amma wajibi ne ga mai ciki, ga namiji, ga yaro, ga wadda ciwon yake dawo mata, da wadda ta sha magani bai yi ba. A bayar da fitsarin kafin a fara shan magani, ba bayan an sha ba.

Idan ciwon bai wuce mafitsara ba, maganin ɗan kaɗan ne. Nitrofurantoin, tsohon magani da ake amfani da shi tun 1953, ana shansa kwana 3 zuwa 7 gwargwadon yadda likita ya rubuta, a kan abinci, kuma yakan sa fitsari ya yi duhu, wanda ba abin damuwa ba ne. Fosfomycin gari ne a 'yar leda, a dama a ruwa a sha sau ɗaya tak. Sai dai nitrofurantoin yana da sharaɗin da ya shafe mu kai tsaye: ba a ba wa masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini, domin yana iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini, kuma wannan gado ne da ya yawaita a Afirka ta Yamma. Ba a kuma ba wa mai cikin da ta shiga watan haihuwa. Yaron kemis ba zai tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Cipro, wanda ake sha kamar gyaɗa a garuruwanmu, tun 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a ba da shi don ciwon mafitsara mai sauƙi muddin akwai wani zaɓi, saboda illar da yake iya yi wa jijiyoyi. Ban da wannan, yawan shansa ba bisa ƙa'ida ba yana koya wa ƙwayar jure masa. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. E. coli ce kan gaba a jerin, kuma yankin da abin ya fi tsanani shi ne Afirka ta Yamma.

Gaskiya ne cewa wani ciwon mafitsara yakan lafa da kansa. Amma ba mai iya cewa na wa zai lafa, na wa zai hau. An jarraba wannan a ƙasashen Nowe, Denmak da Suwidin, aka buga sakamakon a 2018: mata 383 aka raba biyu, rabi aka ba su maganin kashe ƙwayar, rabi maganin rage zafi kawai. Mata bakwai ne ciwon ya hau musu ƙoda, kuma dukkansu daga masu shan maganin rage zafin suke.

Idan ya hau ƙoda, labari ya canza. Zazzaɓi mai zafi, rawar ɗari har haƙora suna haɗuwa, ciwo a kwiɓi ko a baya ƙarƙashin haƙarƙari, tashin zuciya da amai. A nan ne mutane da yawa suke ɓata kwanaki, domin a wurinmu duk zazzaɓi maleriya ne, in ya ƙi ji a ce taifot. A yi allura, a sha magani, ba wanda ya tambayi fitsari. Duk mai zazzaɓin da ya zo tare da zafin fitsari ko ciwon kwiɓi, ya faɗi hakan da bakinsa, ya nemi a gwada fitsarin tare da jinin. Wannan matakin ya wuce asibitin sha-ka-tafi idan akwai amai ko juna biyu; babban asibiti za a nufa a ranar, domin sau da yawa sai an ba da gado an yi ƙarin ruwa da allura ta jijiya. Daga ƙoda ƙwayar tana iya faɗawa cikin jini, hawan numfashi da ruɗewa su biyo baya, kuma wannan yana kisa cikin ɗan lokaci.

Mai ciki tana iya ɗauke da ƙwayar ba tare da ta ji komai ba, shi ya sa ake karɓar fitsari wurin awo. Idan an bar ƙwayar, tana iya hawa ƙoda ko ta jawo haihuwa kafin lokaci. Jariri ba zai ce fitsari yana masa zafi ba. Zazzaɓi ne kawai, ƙin nono da yawan kuka. Dattijo kuwa, musamman wanda furostet ɗinsa ya kumbura har fitsari ba ya fita duka, yana iya fara surutai ko ya rikice ba zato. Saurayi ko magidanci mai zafin fitsari da fitar ruwa daga gaba, abin da za a fara nema shi ne cutar da ake ɗauka ta saduwa, kuma tare da abokiyar kwanciyarsa za a yi magani, in ba haka ba ciwon ya dawo. Yaron da yake wanka a rafi ko dam, yana ganin jini a ƙarshen fitsari, tsargiya ce ake zargi. Tsutsa ce take kawo ta, maganinta praziquantel, kuma kafso ɗari ba za su taɓa ta ba.

Wadda ta fara maganin da ya dace yawanci takan ji sauƙi cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ta shanye shi yadda aka rubuta, kada ta rage wa ƙawarta. Idan awa 48 ta wuce ba canji, ta koma, domin mai yiwuwa ƙwayarta ba ta jin wannan maganin. Wajen tsarki, hannu ya tafi daga gaba zuwa baya, kuma sabulu mai ƙamshi da kayan matsi ba su da aiki a wurin. Ga wadda ciwon yake yawan dawo mata, ruwa yana da tasiri fiye da yadda ake zato: a wani gwaji da aka yi a Bulgeriya aka buga a 2018, mata 140 masu ƙarancin shan ruwa aka raba biyu, aka ƙara wa rabi lita ɗaya da rabi kullum har shekara guda, sai dawowar ciwon ta ragu da kusan rabi a wurinsu. Lita ɗaya da rabi ledar fiyawata uku ce, kuma mai azumi za ta iya rarraba su tsakanin buɗe-baki da sahur.