Ƙafa Mai Rami: A Yi Aiki Ko A Haƙura?

Kakanninmu da ƙafa suka zo Salaga daga Kano da Katsina neman goro, tafiyar watanni. Ni jikansu, shekara arba'in da 'yan kai, tsayuwar darasi uku a gaban allo tana neman ta gagare ni. Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi, tafin ƙafata kamar na taka garwashi.

Tun ina yaro a zangon Salaga aka san sawuna. In na fito daga wanka na taka siminti, diddige da gindin yatsu kaɗai ke fitowa, tsakiya babu komai. Wato ramin tafin ƙafar ya yi zurfi fiye da kima. Nauyin da ya kamata ya bazu a tafi duka sai ya taru wuri biyu. Daga nan kanta ta fito, yatsu su lanƙwashe kamar na kaza, diddige ya karkata ciki, mutum ya riƙa gurɗewa ko a kan hanya mai kyau. Takalmina kuwa ta gefen waje yake cinyewa.

Da aka kai ni koyarwa Yendi abin ya tsananta. Wasu suka ce sammu na taka. An yi mini ƙaho, an shafa man kaɗanya, na je wurin maɗori. Ba na raina maɗori, aikinsa karaya da targaɗe ne, amma a nan ba abin da ya karye balle a ɗora.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne ziyarar da na kai wa yayana a Bawku. Muna alwala na dubi ƙafarsa, sai na ga tawa sak. Da na faɗa wa likitan ƙashi haka, bai fara da maganar wuƙa ba. Ya ce a san dalili tukuna, domin sau da yawa irin wannan ƙafa alama ce ta ciwon jijiya. Akwai na gado da ake kira Charcot-Marie-Tooth, sunan likitoci uku da suka bayyana shi a 1886, wanda ke raunana naman ƙafa sannu a hankali. Akwai kuma ragowar shan inna a jikin manya da suka kamu tun suna yara, ko da yake an tabbatar a 2020 cewa ƙwayarta ta asali ta ƙare a Afirka. Ya ja kunnena da cewa in ƙafa ɗaya ce kaɗai ta soma yin rami da girma, a hanzarta a duba lakar baya.

Sa'an nan ya ɗora diddigena da gefen ƙafata a kan guntun katako, ya bar babban yatsa yana lilo. Diddigen ya miƙe. Ma'anarsa ƙafar ba ta ƙage ba tukuna, kuma wannan shi ke raba aiki da aiki. Ƙafa mai sauran laushi, ana sassauta jijiyar tafi, a sauya wa wata jijiya mazauni, a yanka ƙashin diddige a gyara masa zama. Wadda ta ƙage kuwa, sai a haɗe gaɓoɓi uku na bayan ƙafa su zama ɗaya. Ciwo yakan ragu, amma murɗa ƙafa gefe da gefe ya tafi ke nan, tafiya a kunyar doya ta zama wahala.

To, ga inda lissafi yake. Bayan aiki, kimanin mako shida ƙafa na cikin filasta ba a taka ta, kumburi kuma yakan kai wata shida ko shekara. Ba a cika yin ƙafa biyu lokaci ɗaya ba. Mai ciwon sukari da mai shan taba, raunin nasu yakan yi jinkirin warkewa. Irin wannan aiki sai babban asibiti mai likitan ƙashi, kamar na koyarwa da ke Tamale, ko Komfo Anokye a Kumasi, ko na St. John of God a Duayaw Nkwanta. Ga kuɗin mota, ga na mai jinya, ga aji da za a bari. Inshorar lafiya da aka kafa a 2003 ba ta biyan kayan tallafin ƙafa irin su takalmin asibiti, don haka a tambayi abin da katin ya ɗauka kafin a kwanta.

Likitan ya ce ba a yin aikin don ƙafa ta yi kyan gani. Ana yin sa ne in an gwada sauran hanyoyi ciwo ya ƙi, ko gurɗewa ta yi yawa, ko gyambo ya soma fitowa. Hanyoyin kuwa su ne shimfiɗar cikin takalmi da aka auna da ƙafar mutum, da takalmi mai faɗi wanda ya rufe idon sawu, da motsa sharaɓa safe da yamma. Cibiyar Nsawam, wadda aka kafa a 1961, ta daɗe tana ƙera irin waɗannan kaya.

Ni dai na ajiye silifa, na karɓi shimfiɗa, na sa kujera kusa da allo. Mun yi da likita zan koma bayan wata shida. In ba sauƙi, za mu fara da ta hagu a dogon hutu. Yayana kuma na aika masa ya kawo 'ya'yansa biyu a duba sawunsu.