ABIN DA KE SA TSOHUWAR KWAMFUTA NAWA

Duk wanda kwamfutar cinya ta shekara biyar ko shida a hannunsa ya san ranar da ta ke fara gardama. A kunna ta, har a dafa shayi a shanye ba ta gama farkawa ba. Fankar cikinta ta yi ta gurnani, gindinta ya ɗau zafi, a danna harafi sai an jima ya fito. Sai mai ita ya ce ai ƙwaƙwalwarta ce ta gaji, ya shiga neman kuɗin sabuwa. To, a nan ne mutane da yawa su ke hasarar dukiyarsu a banza, gama ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta gajiya irin ta ɗan Adam.

Ita wannan ƙwaƙwalwa, watau furosesa, wani ɗan falle ne na silikon wanda bai fi farcen babban yatsa ba. Ta farko da kamfanin Intel ya fitar a 1971 tana da 'yan makunnai 2,300, waɗanda a ke kira taransista. Ta yau kuwa tana da dubban miliyoyi. Ba abin da ke motsi a cikinta, balle ya cinye kamar haƙoran injin niƙa. Saurin da ta fito da shi daga masana'anta, kusan shi ne a jikinta bayan shekara goma, muddin ta sami sanyi.

Zafi shi ne babban abokin gabarta. Duk sa'ad da ta ke lissafi zafi ta ke fitarwa, saboda haka aka ɗora mata wani bututu na jan ƙarfe wanda ke kwashe zafin ya kai shi ga wasu siraran ƙarafa jere kamar haƙoran mataji, fanka kuwa ta hura shi waje. Tsakanin ƙwaƙwalwar da bututun akwai wani ɗan kulli mai kama da man goge baki, shi ke miƙa zafin daga wannan zuwa wancan. Shekara ta bi shekara, kullin nan ya bushe ya tsattsage, ƙura da zaren tufa su taru a bakin ƙarafan su yi dunƙule kamar audugar katifa. Fanka na juyawa, amma iska ba ta fita. Da zafin ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, sai ƙwaƙwalwar ta rage saurinta da kanta don kada ta ƙone. Masu ƙira ne su ka tsara ta haka da gangan. Aikin da dā ya ke cin rubu'in ƙarfinta, yanzu sai ya cinye shi duka.

Wannan ya fi shafar masu sauraro na ƙasashe masu zafi. Kamfanin Apple ya ƙayyade cewa kwamfutocinsa na cinya su yi aiki a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 da 35. A Njamena da Hartum kuwa, zafin watan Afrilu ya kan haura 40, ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina daga Marwa har Tamale. Wanda ya ƙara da ɗora ta bisa katifa ko darduma, ya toshe mata hanci ke nan. Maganin ba shi da tsada: a ɗora ta kan tebur, a ɗan ɗaga bayanta, a kai wa mai gyara ya buɗe ya share ƙurar ya sake sabon kulli.

In an gama da zafi, sai a tambayi kwamfutar kanta wa ke cin ƙarfinta. A tsarin Windows, in an danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani allo mai suna Task Manager zai buɗe, ya jera dukan manhajojin da ke aiki da rabon da kowace ta ɗauka na ƙwaƙwalwa da ma'ajiya da faifai. Kada a yi gaggawar kashe abin da ba a sani ba. Sau da yawa Windows ce ke sabunta kanta ko ta ke binciken ƙwayar cuta, wannan kuwa haƙuri ne maganinsa. Amma in shafin intanet guda ya riƙe ƙwaƙwalwa ya ƙi saki, abin dubawa ne. Daga 2017 zuwa 2019 ɓarayi sun riƙa cusa wata manhaja mai suna Coinhive cikin shafuka, tana haƙa musu kuɗin intanet na Monero da kwamfutocin mutane ba da saninsu ba. An rufe ta a 2019, amma irinta ba su ƙare ba. A wannan allo kuma a ke hana manhajojin da ba a bukata tashi tare da kwamfutar.

Wani lokaci ma ƙwaƙwalwar ba ta da laifi ko kaɗan, jira ta ke yi. Ma'ajiyar aiki, watau ram, kamar tabarmar ɗan kasuwa ce inda ya ke baza hajarsa, faifan ajiya kuwa shi ne sito. In tabarma ta yi kaɗan, kowane mai saye ya zo sai an ruga sito. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ram ɗinsu gigabayit 4 ne, sitonsu kuwa faifai ne mai juyawa sau 5,400 a minti, da ɗan hannu mai bin sa yana neman abin da a ke so. A cire shi a sa irin na zamani da a ke kira SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, a kai ram 8 in akwai gurbi. Cikin dukan kuɗin da za a kashe wa tsohuwar kwamfuta, ba wanda ya kai wannan amfani. Manhajojin nan kuwa da a ke talla wai suna wanke kwamfuta su ƙara mata gudu, galibinsu ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya durƙusa.

Gaskiya ne kuma kayan da a ke ɗora mata sun ƙara nauyi. Tun 1995 wani masani na ƙasar Suwizalan, Niklaus Wirth, ya yi kukan cewa nauyin manhajoji yana ƙaruwa fiye da yadda saurin na'urori ke ƙaruwa. Ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 yadda ta saba, Windows 11 kuwa ba ta karɓar yawancin ƙwaƙwalen Intel da aka yi kafin 2017. Mai irin wannan kwamfuta yana iya sa mata Linux Mint, wadda kyauta ce, ba ta kuma da nauyi.

Akwai alamu biyu da ba su jiran gobe. In faifan ajiya ya fara ƙara, ƙas, ƙas, to, mutuwa ya ke shiri, sai a kwashe takardu da hotuna zuwa wani wuri kafin a taɓa kome. In kuwa batir ya kumbura har ya ɗaga allon rubutu, a kashe kwamfutar, a zare ta daga wuta, a kai wa mai gyara ya cire shi, gama batir irin wannan yana iya kama wuta.