Tekun da ya taɓa rufe Adar: abin da duwatsun Allakaye ke faɗa

Makiyayin da ke kora awaki a gangaren tsaunukan Allakaye, cikin gundumar Buza, yakan tsinci farin dutse mai siffar katantanwa ko ɓawon kumba. Irinsa na nan birjik a kwarurrukan Keita da Madawa. Ta yaya halittun teku suka zo Adar, inda mata ke shan tafiya neman ruwan sha?

Amsar tana can ƙarƙashin teku. Kusan kashi 3 cikin 4 na aman wutar duwatsu a duniya a ƙasan ruwa yake faruwa, a kan wani jerin tsaunuka mai tsawon kilomita kusan 65,000 da ya ratsa tekuna. A nan ne narkakken dutse ke ɓullowa, ya daskare, ya zama sabon daɓen teku. Masana sinadaran duwatsu kan shiga jiragen ruwa su haƙo samfurinsa, su auna abin da ya ƙunsa, su gano shekarunsa da inda ya fito.

Wannan bincike ya taimaka wajen fahimtar abin da ya faru shekaru kusan miliyan 100 da suka shige, sa'adda Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu. Aman wuta ya yawaita a ƙasan teku. Sabon dutse mai zafi yakan kumbura ya ci wuri, kamar a jefa dutse cikin ƙwarya cike da ruwa. Ga shi kuma duniya ta yi ɗumi, ƙanƙara ta yi ƙaranci. Sai teku ya haura matsayinsa na yau da fiye da mita 100, ya malalo cikin Afirka. Wani reshensa marar zurfi ya ratsa Sahara, ya rufe ƙasar Adar har zuwa Sakkwato. Ya yi ta zuwa yana komawa, kafin ya janye ke nan wajen shekaru miliyan 50 da suka wuce.

Abin da ya bari shi ne arzikin jahar Tawa a yau. Ɓawon halittun da suka mutu ya taru ya zama farin dutsen da masana'antar Malbaza ke ƙonawa tana yin siminti tun shekarun 1960. Akwai jips, dutsen nan mai ƙyalli da ake haɗawa cikin simintin, da kuma fosfat na takin zamani. Hatta zurfin rijiya da ɗanɗanon ruwanta sun danganta da shimfiɗar dutsen da aka haƙa.

A nan batun makaranta ya shigo. Ɗalibin kwaleji na haddace sunayen duwatsu a darasin SVT daga allo, alhali suna zube a bayan aji. Malami ba ya buƙatar ɗakin gwaji kafin ya fara: a kankare farin dutse, a ɗiga wa garin ruwan lemun tsami, za a ga ƴar kumfa na tashi, alamar sinadarin da ke cikin ɓawon kumba ke nan. Daga nan sai labarin teku ya biyo baya.

Jami'ar Abdou Moumouni da makarantar EMIG a Yamai suna horar da masana duwatsu da ma'adinai. Yaron Allakaye da ya san abin da yake takawa tun yana ƙarami, shi ne gobe zai nuna wa garinsu inda ya kamata a haƙa rijiya.