Daga Allakaye zuwa birni: neman gidan farko

Da an kai gero rumbu a Allakaye, cikin gundumar Buza ta jihar Tawa, sai garuruwa su fara yin shiru. Maza sun tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Kano da Legas, wasu Libiya da Aljeriya. Haka abin yake har Keita da Madawa. Kuɗin da ke dawowa ta kamfanonin aika kuɗi na Nita ko Amana cefane ke fara cinye su, sai aure, sai kwanon rufi. Wanda Allah ya buɗa wa fiye da haka, hankalinsa kan koma kan gida a birni, ko Tawa, ko Maraɗi, ko Yamai.

Wanda ya zauna Abijan ya saba ganin bene mai hawa da yawa, kowa da sashensa da ya saya. Idan ya zo Yamai da wannan tunani zai sha yawo. Benaye suna nan a unguwar Filato da kewaye, amma yawancinsu na haya ne ko ofisoshi. Abin da ke kasuwa shi ne fili, ko kango, ko ginannen gida mai tsakar gida. Akwai rukunin gidaje irin na kamfanin SONUCI, da waɗanda aka gina don wasannin Farankofoni na 2005, kuma an buɗe Bankin Gidaje na Nijar a 2018. Sai dai banki takardar albashi yake fara tambaya. Mutumin da ya tara kuɗinsa da tallar shayi ko tireda a ƙasar waje ba shi da ita, don haka cinikinsa kuɗi hannu ne, kuma idan aka cuce shi gumin shekaru ne ya tafi.

A ƙauye, cinikin gona ba ya son dogon bayani. Mai gari ya sani, liman ya shaida, maƙwabta sun san iyaka, kuma tun bayan dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye da ke rubuta ciniki. A birni babu wanda ya san kakan mai saye, takarda ce ke magana, kuma takardun ba darajarsu ɗaya ba. Ta ƙasa ita ce shaidar mallakar gargajiya da mai gari ko hakimi ke bayarwa, wadda ta fi yawa a gonakin bakin gari da ba a yanka ba tukuna. Ranar da hukuma ta zo yanka wurin, titi na iya bi ta tsakiyar filin. Sama da ita akwai akt-da-sesiyon na ma'aikatar magajin gari, mai ɗauke da sunan yankin da aka yanka, da lambar rukuni, da harafin filin. Mafi ƙarfi ita ce titir fonsiye, wadda aka sauƙaƙa samunta da tsarin da ake kira Sheda.

Ko akt ɗin ma ba a karɓarsa ido rufe. An sha ganin fili ɗaya da takarda biyu, kowa na rantsuwa nasa ne. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye, da yawa suka sayar nan take, takardun suka yi ta sauya hannu. Wasu kuma sun sayi wuri cikin dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye Yamai, inda doka ta hana gini. Mai hankali yakan ɗauki takardar ya kai ma'aikatar magajin gari a duba rajista, ya ɗauko mai awon fili ya nuna masa turakun siminti huɗu na kusurwa, sannan a biya kuɗi gaban notar, wato mai tabbatar da takardun ciniki, a sauya suna. Kuɗin notar na da ciwo, amma bai kai na shari'a ba.

Dillali kuwa ba a iya kauce masa. Zai ce, “Alhaji, wannan wuri gobe ba za ka same shi ba, wani ya riga ya taya.” La'adarsa na ƙaruwa da farashi, don haka gaggawar tasa ce. Idan gidan gado ne, sai an ga dukan magada, har wanda ke Kamaru da ƴar da ke aure a wani gari. Magaji ɗaya da bai sa hannu ba ya isa ya ta da ciniki bayan shekara goma.

Sai maganar ruwa, wadda ɗan Adar, yankin su Allakaye, bai kamata a koya masa ba, tunda ya san yadda korama ke cin gona a kwarin Magiya. Matsalar ita ce da rani yake zuwa ganin gida, lokacin da ko'ina busasshe ne. A 2020 kogin Kwara ya cika ya shiga Lamorde da Saga da Kirkisoye a Yamai, a 2024 kuma ruwan sama ya rusa gidaje masu yawa a Maraɗi. Gida a watan Agusta ake ganinsa. Idan ba hali, a duba gindin katanga: ruwa kan bar zane, kuma sabon fenti da ya tsaya daidai gwiwa abin tambaya ne. Maƙwabciya mai tuyar ƙosai a bakin layi ta fi dillali sanin inda ruwa ke kwana.

Yawanci dai da fili ake ƙarewa. Bayan ambaliyar 2024 gwamnati ta rage farashin siminti, tan ɗaya ya koma jika 55 a Yamai, kuma jihar Tawa ce ke da masana'antun siminti na Malbaza da Badagishiri. Ana fara zagaye filin da katanga, a sa ƙofa, a yi ɗaki ɗaya a ajiye wani ɗan'uwa ya yi gadi, sauran ginin kuma ya jira kuɗin biɗa ta gaba.